Lamba 2,147,483,647: Siffofinta da Azuzuwan da Ta Shiga

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya daɗe yana koyar da lissafi ya san almajirai ba su shakkar ƙananan lambobi. A ba su goma sha biyu, nan da nan sai su kasa ta uku-uku ko huɗu-huɗu da tsakuwa, su ga halinta da idonsu. Amma da zarar lamba ta yi tsawo sai ta zama "mai yawa" kurum, ba a kuma tambayar irinta ko danginta. Alhali kuwa manyan lambobi suna da halaye kamar ƙanana, sai dai ba a gane su da duba. Da hujja ake gane su.

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu ɗauki babbar lamba guda, watau 2,147,483,647, mu bi azuzuwan da masana suka sa ta ciki, mu nuna dalilin kowane. Mai karatu zai ga cewa kusan dukan siffofinta daga tushe ɗaya suka fito.

Ga kalmomin da za mu yi aiki da su. Lamba ita ce adadin gaba ɗaya, alƙalami kuwa shi ne kowace alama daga 0 zuwa 9. Idan muka ce wata lamba ta raba wata, muna nufin ta shiga cikinta daidai ba saura. Lambar da ta fi 1, wadda kuma babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, kamar 7 ko 13, ita muke kira gagara-raba. Wadda ke da wasu masu raba ta, kamar 15, muna kiranta haɗaɗɗiya.

2. Karatunta da girmanta

Lambar tana da alƙaluma goma. Ga yadda ake karanta ta: biliyan biyu, da miliyan ɗari da arba'in da bakwai, da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku, da ɗari shida da arba'in da bakwai. Akwai abin lura a nan ga mai nazarin harshe. Idan aka ce "dubu ɗari huɗu da tamanin da uku" aka yi shiru, mai sauraro bai san ko 483,000 ake nufi ko 400,083 ba. A tamu lambar, zuwan "ɗari shida" a baya shi ke warware zancen, domin ɗari ba ta biyo bayan uku sai in ukun nan ta dubbai ce. Saboda haka ya kamata malami ya riƙa tsagaitawa a kan kowane waƙafi in yana karanta irin wannan.

Game da girmanta, a zamanin wuri keso guda wuri 20,000 ne. Da za a zuba wuri 2,147,483,647 a kesuna, da an cika keso 107,374, wuri 3,647 su yi saura. In kuwa mutum ya zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai shafe kwana 24,855 da 'yan sa'o'i, watau shekara 68 da 'yan kwanaki. Mai karatu ya riƙe wannan shekara 68, za mu komo kanta.

3. Tushenta

A ɗauki 1 a ninka ta, a sami 2. A ninka, a sami 4, sa'an nan 8, 16, 32, haka har a yi ninki sau 31. Abin da za a samu shi ne 2,147,483,648, wanda ake rubutawa a taƙaice 2³¹. A ɗebe ɗaya, sai ga lambarmu. Ke nan 2,147,483,647 = 2³¹ − 1.

Akwai wata hanyar faɗin wannan. Idan aka tara 1 + 2 + 4, an sami 7, watau 8 ba ɗaya. Idan aka ƙara 8, an sami 15, watau 16 ba ɗaya. Kullum jimlar ninke-ninke takan gaza ninki na gaba da ɗaya tak. To, lambarmu ita ce jimlar ninke-ninke 31 na farko, daga 1 har zuwa 1,073,741,824. Don haka ne a ƙirgen bibbiyu, wanda ba shi da alƙalami sai 0 da 1, ake rubuta ta da 1 guda talatin da ɗaya a jere, babu sifiri ko ɗaya.

4. Mara ce, kuma ba ta taruwa sai da murabba'i huɗu

Aji na farko mai sauƙi ne. Ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, 2 ba ta raba ta, 5 ma haka. Jimlar alƙalumanta 46 ce, 3 kuwa ba ta raba 46, don haka 3 ba ta raba ta.

Aji na biyu ya fi ban sha'awa. Murabba'i shi ne abin da ake samu in an buga lamba da kanta, kamar 9, 16, 25. A shekarar 1770 Lagrange ya tabbatar da cewa kowace lamba ana iya tara ta daga murabba'i huɗu ko ƙasa da haka. Waɗansu biyu sun ishe su, kamar 13 = 9 + 4, waɗansu sai uku, waɗansu kuwa lalle sai huɗu. Lambarmu tana cikin na ƙarshen nan, ga kuma dalili. Kowane murabba'i in an raba shi da 8, saurarsa 0 ce, ko 1, ko 4. Mai karatu ya gwada: ba yadda za a haɗa uku daga cikin waɗannan a sami saurar 7. Lambarmu kuwa, da yake ta gaza ninkin 8 da ɗaya, saurarta 7 ce. Ga ta da huɗu:

46,339² + 425² + 10² + 1² = 2,147,483,647

5. Gagara-raba ce

Wannan shi ne ajin da ya sa ta yi suna, shi ne kuma ya fi wuyar tabbatarwa. Mu fara da danginta, watau lambobin da ake samu in an ɗebe ɗaya daga ninkin 2.

Abu na farko, in yawan ninkin haɗaɗɗiyar lamba ce, to sakamakon ma haɗaɗɗe ne. Misali, 2⁶ − 1 = 63, kuma 3 da 7 duk suna raba ta. Dalili shi ne a ƙirgen bibbiyu 63 jerin 1 ce guda shida, ana iya yanka ta biyu-biyu ko uku-uku, kowane yanki kuwa mai raba ta ne. Saboda haka ba a sa rai sai inda yawan ninkin gagara-raba ne. Idan aka gwada 2, 3, 5, 7, za a sami 3, 7, 31, 127, dukansu gagara-raba. Nan ne mai gaggawa zai ce ai ƙa'ida ta tabbata. Amma kama da wane ba ta wane: na gaba, 2¹¹ − 1, shi ne 2,047, wanda yake 23 sau 89. Hudalricus Regius ya nuna haka a 1536.

A 1588 Pietro Cataldi, mutumin Bolonya ta Italiya, ya tabbatar da cewa 2¹⁷ − 1 = 131,071 da 2¹⁹ − 1 = 524,287 gagara-raba ne, ta hanyar raba su da ƙananan gagara-raba ɗaya bayan ɗaya. Sai ya zarce ya ce ninki 23, 29, 31 da 37 ma haka suke, ba tare da ya gwada ba. Uku daga cikin huɗun kuskure ne. Fermat ya nuna a 1640 cewa 47 tana raba 2²³ − 1, kuma 223 tana raba 2³⁷ − 1. Daga baya Euler ya nuna 233 tana raba 2²⁹ − 1. Saura 31 kaɗai, ba wanda ya tabbatar, ba wanda ya ƙaryata.

Wuyar aikin ita ce yawan rabawa. Ba lalle sai an gwada dukan lambobin da ke ƙasa da ita ba, gama idan lamba ta rabu gida biyu, ɗaya daga cikin masu raba ta ba zai wuce saiwarta ba, watau lambar da in an buga ta da kanta za a same ta. Saiwar lambarmu tana tsakanin 46,340 da 46,341. Amma ko a ƙasa da wannan akwai gagara-raba 4,792, kowace kuwa doguwar rabawa ce da alƙalami da takarda.

Leonhard Euler, haifaffen Basel ta Suwizalan, shi ya warware matsalar, ya bayyana a wata wasiƙa ta 1772 zuwa ga ɗaya daga malaman gidan Bernoulli. A lokacin yana zaune a birnin Fitasbag na Rasha, ganinsa kuma ya kusa ƙarewa sarai. Dabararsa ita ce rage waɗanda za a gwada, da ƙa'idodi biyu.

Ta farko daga Fermat ta fito, ana kuma iya ganinta a kan 23. A riƙa ninka 2 ana rabawa da 23 ana rubuta saura: 2, 4, 8, 16, 9, 18, 13, 3, 6, 12, 1. An komo 1 a taki na 11, abin da ke nufin 23 tana raba 2¹¹ − 1. Fermat ya gano cewa ga kowace gagara-raba mara, yawan takin nan kullum yana raba lambar da ke ƙasa da ita da ɗaya, kamar yadda 11 ta raba 22. To, duk gagara-rabar da za ta raba 2³¹ − 1 dole zagayenta ya zama taki 31. Ke nan in an ɗebe mata ɗaya, 31 za ta raba ta, 2 ma za ta raba ta. Watau siffarta ita ce ninkin 62 da ɗaya a kai.

Ta biyu ta Euler ce: irin wannan mai rabawa, in an raba shi da 8, saurarsa 1 ce ko 7. Da aka haɗa ƙa'idodin biyu, sai ya zama ba abin gwadawa sai lambobin da saurarsu 1 ce ko 63 in an raba su da 248. Irin waɗannan a ƙasa da 46,340, in an fid da 1 da 63 kansu, guda 372 ne kawai, mafi yawansu ma haɗaɗɗu ne, ba su bukatar gwaji. Gagara-raba ta farko a cikinsu ita ce 311: ta shiga lambarmu sau 6,905,092, saura 35. Ta biyu 1,303 ce. Haka aka bi su har ƙarshe, ba wadda ta shiga daidai. Da wannan 2,147,483,647 ta tabbata gagara-raba, bayan shekara 184 da da'awar Cataldi.

Yau akwai hanya mafi gajarta, wadda Lucas ya assasa a wajen 1876, Lehmer ya kammala a 1930. A fara da 4, a buga ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura, a maimaita. Yawan maimaitawa shi ne yawan ninki ba biyu. In an ƙare da sifiri, lambar gagara-raba ce, in ba haka ba haɗaɗɗiya ce. Ga 31, wadda take 2⁵ − 1, taki uku ne: 14, sai 194 mai saurar 8, sai 62 mai saurar 0. Ga lambarmu taki 29 ne kacal.

6. Gidan Mersenne

Ana kiran lambobin wannan dangi da sunan Marin Mersenne, malamin Faransa, wanda ya buga jerinsa a 1644. Ya ce daga 2 zuwa 257, ninkin da ke ba da gagara-raba su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya dace a kan 31 da 127, amma ya yi kuskure biyar: 67 da 257 ba su ciki, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Sai a 1903 Frank Cole ya fito da masu raba 2⁶⁷ − 1, watau 193,707,721 da 761,838,257,287.

Lambarmu ita ce ta takwas a wannan gida, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Ta yi fiye da shekara ɗari tana mafi girman 'yan gidan da aka tabbatar, har 1876 da Lucas ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1, sa'an nan Pervushin ya tabbatar da 2⁶¹ − 1 a 1883. A watan Oktoba 2024 aka gano ta 52, watau 2 mai ninki 136,279,841 ba ɗaya, mai alƙaluma 41,024,320.

Har wa yau tana cikin wani ƙaramin aji a cikin gidan. Yawan ninkinta, 31, shi kansa ɗan gidan Mersenne ne, gama 31 = 2⁵ − 1. Gagara-raba masu irin wannan asali biyu guda huɗu aka sani: 7, 127, lambarmu, da 2¹²⁷ − 1.

7. Tauyayya mai haifar kammalalla

Nikomakus na Jarash, wanda ya rayu wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya kasa lambobi uku bisa jimlar masu raba su, ban da lambar kanta. In jimlar ta gaza lambar, tauyayya ce, kamar 8, wadda masu raba ta 1, 2, 4 suka ba da 7. In ta zarce, mai rara ce, kamar 12, wadda nata suka ba da 16. In ta yi daidai, kammalalla ce, kamar 6 = 1 + 2 + 3, da 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya juya littafin Nikomakus zuwa Larabci, kuma malaman hisabi sun san azuzuwan nan da sunayen naƙis, za'id da tamm.

A wannan ma'auni lambarmu tauyayya ce matuƙa, domin jimlar masu raba ta 1 ce tak, kamar kowace gagara-raba. Duk da haka ita ce mabuɗin wata kammalalla. Yuklid, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis, ya tabbatar a ƙarshen littafi na tara na Usulinsa cewa idan jimlar ninke-ninke ta zama gagara-raba, aka buga ta da ninki na ƙarshe, abin da ya fito kammalalla ce. Misali 1 + 2 + 4 = 7, 7 sau 4 kuwa 28. Euler ya tabbatar da cewa duk kammalallar da 2 ke rabawa ta wannan hanya take fitowa. Ke nan kowace gagara-raba ta gidan Mersenne tana da kammalallarta. Ta lambarmu ita ce:

2,147,483,647 × 1,073,741,824 = 2,305,843,008,139,952,128

Ita ce kammalalla ta takwas, mai alƙaluma 19. Ita ce kuma abin da za a samu in an tara dukan lambobi daga 1 har zuwa 2,147,483,647, kamar yadda tarin 1 zuwa 7 ke ba da 28.

8. Inda ta shiga aikin duniya

A 1811 Peter Barlow, masanin lissafi na Ingila, ya rubuta cewa a ganinsa ba za a ƙara neman wadda ta fi kammalallar nan ba, tun da irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne kurum marasa amfani. Zamani ya saɓa masa ta fuska biyu. Ta farko mun gan ta. Ta biyu kuwa ita ce kwamfuta.

Kwamfuta da ƙirgen bibbiyu take aiki, an kuma daɗe ana ware wa kowace lamba gurbi 32. Gurbi ɗaya na nuna ko lambar sama take da sifiri ko ƙasa, saura 31 na ɗaukar adadin. In duka 31 suka cika da 1, an kai 2,147,483,647, ba kuma wurin ƙari. In aka ƙara ɗaya, a na'urori da yawa sai ƙirgen ya kife ya koma 2,147,483,648 a ƙasa da sifiri. A watan Disamba 2014 YouTube ya sanar da cewa masu kallon faifan wata waƙa ta Koriya ta Kudu sun haura wannan adadi, kuma ya faɗaɗa ma'ajin ƙirgensa zuwa gurbi 64.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne agogo. Tsarin Unix da danginsa suna ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga farkon 1 ga Janairu 1970. Mun ce ƙirga lambarmu na cin shekara 68. Saboda haka ma'aji mai gurbi 32 zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 na dare agogon GMT. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka ranar 13 ga Disamba 1901 ce, duk lissafin da ya rataya a kan kwanan wata kuwa sai ya rikice. Maganin shi ne gurbi 64, wanda iyakarsa 2⁶³ − 1, daƙiƙoƙin da suka kai shekara wajen biliyan 292. Sababbin kwamfutoci sun koma can, abin da ya rage shi ne tsofaffin na'urorin da ke dashe cikin injuna. A lura, 2⁶³ − 1 haɗaɗɗiya ce, 7 tana raba ta, gama 3 tana raba 63. Ke nan zaman lambarmu iyakar ma'aji daga ninki ya fito, ba ruwansa da zamanta gagara-raba.

Akwai kuwa inda siffofin biyu suka haɗu. Masu bincike sukan bukaci jerin lambobi masu kama da na ƙuri'a. Wata hanya da Lewis, Goodman da Miller suka bayyana a 1969, Park da Miller suka ƙarfafa a 1988, ita ce a ɗauki lamba a buga ta da 16,807, a raba da 2,147,483,647, a riƙe saura, a maimaita. An zaɓe ta don ta dace da ma'aji mai gurbi 32, kuma da yake gagara-raba ce, aka kuma zaɓi 16,807 da kyau, jerin yana ratsa dukan lambobi daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa. Wannan zagaye shi ne dai irin wanda muka gani a kan 23. Hujjar da Euler ya kafa a 1772 ita ce jinginar wannan aiki.

9. Kammalawa

Mun ga cewa lambar nan mara ce, mai bukatar murabba'i huɗu, gagara-raba, ta takwas a gidan Mersenne, tauyayya, uwar kammalalla ta takwas, kuma iyakar ma'aji mai gurbi 32. Mafi yawan waɗannan ana karanta su kai tsaye daga 2³¹ − 1. Zamanta gagara-raba ne kaɗai siffar ba ta bayar kyauta, sai dai ta rage wahalar bincike daga rabawa 4,792 zuwa ƙasa da 372.

Ga malaman kwalejojin horo, muna ba da shawara a gwada wannan a aji. A sa ɗalibai su fitar da 3, 7, 31 da 127, a tambaye su abin da suke tsammani game da 2,047. Mafi yawansu za su faɗa ramin da Cataldi da Mersenne suka faɗa. Sa'an nan a ba su ƙa'idar ninkin 22 da ɗaya a kai, su nemo 23 da kansu, su raba su ga 89 ta fito. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ya san bambancin misali huɗu da hujja guda, kuma shi ne zai koya wa yara tambayar dalili kafin su sa lamba a aji.